Fis Ɗin Da Aka Ɗaure Da Waya Ya Raba Inna Da Likita

Zuwa ga Shugaban masu gyaran wutar mota na garin Dutse,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka, ranka ya daɗe, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a. Sau biyu na zo rumfarka ana ce min ka tafi Kano sarin kaya, ni kuwa abin da ke cina ba ya jira.

Sunana Sabo, malamin makaranta ne ni, ina zaune a Limawa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana wani ƙauye a bayan Miga, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Duk wata nakan je in kwana a can, da an idar da sallar asuba in ɗauko ta, don mu iso asibiti a Dutse kafin layin kati ya yi tsawo. Saboda wannan tafiyar na sayi 'yar tsohuwar motata. Yau wata biyu ke nan Inna ba ta ga likita ba, domin ta ce ita da motar nan har abada. Dalilin wasiƙar ke nan.

Zan fara da laifina, kada a ce na kawo ƙara na ɓoye nawa. Da kakar bara na gaji da motocin da ke kashe min ido da fararen fitilun nan na zamani tsakanin Jahun da Kiyawa. Ga amalanken shanu da ke sammako da hatsi, ba fitila ba komai. Sai na sayi doguwar farar fitila irin wadda ake maƙalawa a kan bamba. Na ce wa kaina don in riƙa hango amalanke ne, amma gaskiya har da son in rama. Wannan ni na jawo. Sauran kuwa aikin mutanenka ne, kuma ga shi dalla-dalla.

Na ɗaya. Wanda ya sa min fitilar, ba zan ambaci sunansa ba, bai yi minti goma sha biyar a kanta ba. Ya fere wayar fitilar gaba ta asali da reza, ya murɗa sabuwar a jikinta, ya naɗe da salatif, shi ke nan. Na tambaye shi ko ba a ƙara mata wani abu, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wuta ce fa, duk inda ka taɓo ta zuwa take." Ni da ban san komai ba sai alli da allo, na yarda.

Na biyu. Bayan mako biyu, ina dawowa da magariba, fitilun gaba duka suka ɗauke a kusa da Jahun. Da hasken waya na lallaɓo a bayan wata tifa. Washegari na koma masa. Ya buɗe akwatin fis, ya zaro wanda ya ƙone, ya tsinko 'yar jar waya ya naɗa a ƙafafunsa, ya mayar. Wuta ta kawo. Ya ce fis ɗin yanzu ne ba su da ƙwari, amma wannan ya ɗaure shi, ba zai ƙara yankewa ba. Ranka ya daɗe, har godiya na yi masa. In na tuna godiyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Na uku. Daga nan motar ta shiga wani hali. In na faɗa rami fitila ta lumshe, in na fita ta buɗe. Wani ƙauri kamar na roba yana tasowa ta ƙarƙashin sitiyari. Inna ce ma ta fara jin sa, ta tambaye ni ko na taka leda a wuta ne. Na zaga wurin mutum uku a cikin garin nan. Na farko ya canza ƙwayayen fitila. Na biyu ya ɗora wa batir laifi, na sayi sabo. Na uku ya ce makunni ne, ya kwance sitiyari ya sa wani. Ga doguwar fitila a kan bamba tana kallon kowannensu, babu wanda ya tambaye ni yaushe aka sa ta, ko daga ina ta sha wuta. Kowa ya taɓa abin da ya saba taɓawa, ya kunna da rana tsaka, ya ga ta kawo, ya ce an gama. Ni kuma in ɗauki maganar in kai wa Inna, in ce an gyara. Sau uku ina faɗa mata haka, sau uku fitilar tana lumshewa tana cikin motar.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Wata biyu da suka wuce mun baro ƙauye bayan asuba, gari bai waye ba. Mun hau kwalta ba da jimawa ba, a wata kwana, komai ya ɗauke ɗif. Abin da na gani na ƙarshe kafin duhun shi ne bayan amalanke shaƙe da dammunan gero, da mutum a zaune a sama. Na murɗa sitiyari ban san inda nake murɗawa ba. Muka sauka daga titi muka shiga gona, motar ta yi ta tsalle a kan kunya har ta tsaya. Goshin Inna ya bugi gaban mota, ya fashe. Mai amalanken, Allah ya saka masa, shi ya cire rawaninsa muka ɗaure mata. Ta zauna a kan kunya tana salati. Sai da gari ya waye, ana turo motar, ta dube ni ta ce, "Sabo, ka mai da ni ɗakina. Gara ciwon ya kashe ni a kan gadona."

Na ce to mu riƙa tafiya da rana. Ta ce motar da ta makance da asuba, me zai hana ta kurumcewa da hantsi? Motar haya kuwa ba za ta iya ba. Sai an yi tafiya mai nisa a kan babur kafin a kai tasha, sannan a cusa mutum huɗu a baya, ga gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa.

Na biyar. Wani abokin aikina ya tura ni wurin wani dattijo a Kiyawa, Malam Isyaku, shi ma ɗan sana'arku ne. Kafin ya taɓa komai ya zagaya motar, ya tsaya a gaban bamba, ya ce, "Me ka ƙara mata wanda ba ta zo da shi ba?" Daga nan ya fara. Ya cire wayar doguwar fitilar tukuna. Ya buɗe akwatin fis, ya nuna min inda aka ɗaure, robar wurin ta narke ta yi baƙi, bakin da ke riƙe fis ɗin ya saki, shi ya sa kowane rami ke ɗauke wuta. Ya bi wayar da hannu har inda aka fere ta, ta gasu tana farfashewa kamar busasshiyar taliya. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ma a kan fenti aka ɗaure ta, ba a kankare ba. Ya yi min bayani yadda ko ɗan aji uku zai gane. Wayar fitilar gaba an auna ta ne daidai fitilar gaba, in ka rataya mata wani kaya sai ta yi zafi. Fis kuwa an sa shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone, wanda ya ɗaure shi ya hana shi aikinsa ke nan. In dole sai an sa fitilar ƙari, a ja mata tata wayar daga batir, da nata fis, da nata makunni, da rile, wato ɗan akwatin da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta. Ya ce sa'a na yi da motar ba ta kama da wuta ba. Wuni guda ya yi a kanta. Na ce ya cire doguwar fitilar gaba ɗaya, tana nan a bayan ƙofar ɗakina. Mako uku ke nan ina bin ramuka da gangan, ko ƙiftawa fitilar ba ta yi ba.

To, ranka ya daɗe, abin da dattijo ɗaya ya sani a Kiyawa, yaya aka yi mutum huɗu a babban birnin jiha ba su sani ba? Ko sun sani, sauri ne ba ya barin su? Ina tsayawa a bakin titi in ƙirga motoci da masu ƙafa uku da ke yawo da irin fitilar nan, sai in ji gabana yana faɗuwa, don ban san nawa ne a cikinsu fis ɗinsu ke ɗaure ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka tara mutanenka ka hana ɗaure fis da waya, hani mai hukunci. Kada a ƙara rataya fitilar ƙari a jikin wayar fitilar gaba, ko da mai motar ne ya matsa don yana sauri. Duk wanda aka kawo wa mota fitila na ɗaukewa, ya fara tambayar abin da aka ƙara mata kafin ya tura mutum sayen batir. In da hali ku gayyato irin su Malam Isyaku su zauna da masu tasowa, ba abin kunya ba ne. Ban nemi a mayar min da komai ba, ban kuma nemi a kori kowa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne mai nauyin. Jiya ƙanwata ta kira ni, ta ce ƙafafun Inna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, maganinta kuma saura na kwana huɗu. Ranar Talata ce ranar ganin likita. Na je na durƙusa na rantse mata cewa wannan karon an gyara da gaske. Ta ce, "Haka ka ce wancan karon, ɗan nan." Ba ta faɗa da faɗa ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tun ina yaro Inna ba ta taɓa neman shaida a kan maganata ba sai yanzu. Don haka ina roƙonka, don Allah, ka ba ni yammacin Litinin. Ni zan zo in ɗauke ka, mu je ƙauyen tare a cikin motar. Kai dattijo ne, kai ne shugaban masu wannan sana'a, wataƙila in ta ga furfurarka ta ji daga bakinka ta yarda. Ka buɗe akwatin fis ɗin a gabanta, ka faɗa mata abin da aka yi da abin da aka gyara. Ni dai tawa ta ƙare a wurinta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa sana'arku albarka, ya sa hannuwanku su zama sanadin isar mutane gida lafiya. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Zan zo rumfarka Litinin bayan azahar. In ba ka nan, zan zauna in jira.

Wassalam.

Naka,
Malam Sabo,
Limawa, Dutse.