Hutun Farar Ƙafa

Litinin, 2 ga Maris
Yau maƙeri ya cire wa Farar Ƙafa takalman ƙarfenta, Yaya ya sake ta a makiyaya. Wai hutu. Goɗiya 'yar shekara uku, na sha wahalar koya mata tsallake shinge, sai da hannu ya fara faɗawa za a ce a ajiye sirdi? Yaya ya ce ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma haka muke yi wa kowane sabon doki a bargar nan tun zamanin Baba. Na sani. Amma gasar ƙananan dawaki saura wata biyu, ƙarshen watan nan za a rufe rajista. Raina a ɓace yake.

Laraba, 4 ga Maris
Na goge sirdin da ba a hawa, na share bargar da ba doki. Matata ta ce, "Kai da ita, wa aka cire wa takalmi? Zauna mana, ka ishe ni da safa da marwa."

Asabar, 7 ga Maris
Mai goɗiyar, wadda ta kawo mana ita horo, ta kira. Ta ce ba ta sayi doki don ya yi kiwo kamar tunkiya ba, in Farar Ƙafa ba ta shiga gasar bana ba za ta mai da ita wajen wani mai horarwa. Na ce mata komai zai daidaita. Da na faɗa wa Yaya, kafaɗa kawai ya ɗaga. Shi ba ruwansa, ba shi ya fara ɗora mata linzami ba.

Talata, 10 ga Maris
Farar Ƙafa tana ta birgima a laka. Duk abin da na koya mata a lakar nan zai ƙare.

Juma'a, 13 ga Maris
Yaya ya tafi sayo harawa, ni kuwa na kamo ta na kai ta filin horo. Na ce sanda ɗaya za ta tsallake, a ƙasa-ƙasa, don kar ta manta. Tana ganin sirdi ta kwantar da kunnuwa. A gaban sandar ta kafe, jikinta na rawa, gumi tun daga wuya, alhali ko sukuwa ba mu yi ba. Na ɗauka taurin kai ne, har na ɗaga bulala. Ban sauke mata ba. Kafin hutun ma ta fara yin haka, ni ne nake cewa shagwaɓa ce.
Yaya ya ga shatin sirdi a bayanta da ya dawo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ƙanena, ba mantawa ta yi ba, tunawa ta yi."

Lahadi, 22 ga Maris
Ban yi rubutu ba kwana biyu. Ina zuwa bakin makiyaya hannu rabbana, in tsaya. Da farko nesa take gudu. Jiya ta matso ta shinshina aljihuna, ta ture ni da hanci. Yau na tarar da ita kwance shame-shame a ciyawa, gabana ya faɗi, na ruga. Ashe barci take, har da minshari. Tun da na fara hawanta ban taɓa ganin ta kwanta ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.
Duk da haka, gasar tana raina. Da an mai da mata takalmi yanzu, ƙila mu ci.

Alhamis, 26 ga Maris
Gobe za a rufe rajista. Yaya ya ce shawara tawa ce, ni na horar da ita. Na zagaya barga har ƙafata ta gaji.

Asabar, 28 ga Maris
Ban je rajistar ba. Na ce wa matata aiki ne ya yi mini yawa, ta dube ni ta ci gaba da wanke-wankenta.
Mai goɗiyar ta aiko mota da safe. Farar Ƙafa ta hau ba gardama, ni na riƙe mata igiya. Na karɓi lambar sabon mai horarwar wajen direba, na kira shi, mutumin da ban taɓa gani ba, na ce, "Don Allah, ɗan'uwa, a bar ta ba takalmi har wata mai zuwa."
Ya ce zai duba.