Dutse na Arba'in da Ɗaya

Asabar, 3 ga Oktoba
Yau Kaka ya ƙirga tarin duwatsun bayan gida, kamar kowace shekara. Arba'in. Ya sake, arba'in. Arba'in da ɗaya ya kamata su zama. Tun ina ƙarama yake ba ni labarin: ranar da mazan gidanmu na Dunvorrich za su fita yaƙi, shekara ɗari biyu da hamsin ke nan, kowa ya ajiye dutse. Wanda ya dawo ya ɗauki nasa. Waɗanda suka saura na waɗanda ba su dawo ba ne.

Ni na ɗauke ɗaya, wani fari. Yana kan kabarin zomona Tam, gindin tuffa.

Lahadi, 4 ga Oktoba
Muna cin kunun safe Gwaggo Ishbel ta ce, "Baba, dutse ba ya tafiya da ƙafa. Shekaranjiya tabaraunka a cikin firij, jiya kuma ƙirge ya gagare ka." Ta ce akwai ɗaki a gidan tsofaffi a Inverness. Kaka ya ce a ɗakin sama aka haife shi, daga can za a fitar da shi. Ya yi dariya, amma ya ajiye cokalinsa.

Na buɗe baki. Kunu kawai na saka.

Laraba, 7 ga Oktoba
Na yi niyyar mayar da dutsen a ɓoye. To in tarin ya cika, ai Gwaggo za ta ce wa Kaka ka gani, dama suna nan, kai ne ka kasa ƙirgawa.

Alhamis, 8 ga Oktoba
Na hango Kaka ta taga cikin yayyafi, yana taɓa duwatsun ɗaya ɗaya yana kiran sunaye. Da ya shigo ya ce mini, "Ɓeran gida, anya kaina bai fara yoyo ba, kamar rufin nan?"

Ban iya cin komai ba.

Lahadi, 11 ga Oktoba
Na ɗora dutsen a kan tebur, da ƙasarsa, kusa da man shanu. Na ce ni na ɗauke shi, muryata kamar ta sauro. Gwaggo ta ce, "Morven! Kwana takwas kina kallonmu?" Kunnuwana suka yi zafi.

Kaka ya daɗe yana juya shi. Ya ce wannan na Ruaraidh ne, mai busa algaita, ɗan shekara goma sha shida. "Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya shigo da shi gida sai ke. Bari ya ji ɗumi tukuna."

Talata, 13 ga Oktoba
Gwaggo ba ta sake zancen Inverness ba, ni ma ba ta yi mini magana sosai. Mun mayar da dutsen. Kaka ya ce ni zan kira sunayen, da ƙarfi, don matattu kurame ne. Na kai suna na goma sha bakwai, iyakar waɗanda na haddace. Wataƙila an ji ni daga kicin. Ban tambaya ba.