Murjanin Bai Mutu Ba

Sakinatu,

Sannu da dawowa. Na wuce Kufena, sai bayan La'asar.

Jiya an samu fitilar tankin kifin. Sabuwa ta fi ƙarfina, sai Malam Jalo mai gyaran wuta ya samo mini ta hannu a Sabon Gari, ƙaramar irin farar nan ta filin ƙwallo. Cok ɗinta, baƙin ƙarfen da ke daidaita mata wuta, tsoho ne. Yana ƙugi, yana zafi, amma Jalo ya ce ya dace da ƙwan.

Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, fitilar ba za ta kama nan take ba, sai ƙwan ya huce. Don Allah kada ki yi ta kunnawa da kashewa. Ba lalacewa ta yi ba, ki ƙyale ta kawai.

Murjanin da Yaya Isma'ila ya kawo daga Legas, wanda ke cikin tankin, kika ce ya mutu mu jefar, yau da safe ya buɗe da ya samu hasken fitilar. Ya fito da 'yan gashi kore, suna motsi cikin ruwa. Inna ta leƙo, ta tsaya cak. Ta ce shekara da shekaru tana rataya murjani a wuya, ba ta san yana da rai ba. Na baro ta zaune a gabansa, kunu ya huce a hannunta.

Ki je ki gani kafin ki cire mayafi.

Nasidi