In Kin Ga Haske Yana Rawa a Bango

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take. Zuwa ga matata, uwar 'yata, mai idanu kamar ruwan rijiya da sassafe, wadda hannayenta suka fi bakin kowa daɗin magana.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da addu'ar samun sauƙi, in har kina karanta waɗannan layuka, to kin buɗe ido, ni kuma na ci rabin yaƙina. Na roƙi nas ɗin da ke kula da ke a ɗakin killacewa ta sa miki takardar nan a tafin hannu, tare da matajina mai karyayyen haƙori, wanda kullum kike cewa in jefar ina ƙi. Na so in barbaɗa wa takardar hodar shagon askina don ki ji ƙamshina, sai aka ce mini ciwon nan har jin ƙamshi yake ƙwacewa. Wace irin annoba ce wannan, da za ta tarar da matar da zazzaɓin yarinta ya riga ya ɗauke wa ji, ita ma ta ce sai ta yanki rabonta? Shi ya sa na aiko da abin da yatsunki za su gane ko cikin duhu.

Shekaranjiya nas ɗin ta fito bakin ƙofar asibiti, ta tsaya nesa da ni kamar yadda doka ta ce. Ta ce, “Bawan Allah, numfashin matarka ya fara daidaita, amma ita ta karaya. Ta juya wa bango ta rufe ido, abinci ma sai mun yi da gaske. Muna ta yi mata magana, ko motsi.” Na ce, “'Yar'uwa, da me za ta ji ku? Da leɓe take sauraro, ku kuma duk kun rufe baki.” Idonta ya ciko. Ta ce, “Wallahi a ciki ba a cire takunkumi, ko da na so.” Ban ga laifinta ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi an kai ki inda ba mai fuska, sai idanu da fararen riguna suna kai da kawo a kanki, ba wanda zai iya ce miki ga abin da ke faruwa, ba wanda zai gaya miki inda aka kai matar gadon kusa da ke.

Wannan rufe idon naki, ai na san shi tun ba yau ba. Shi ne makaminki a duk faɗan da muka taɓa yi. Ina tsakiyar kawo hujja, hannuwana suna ta sama da ƙasa, gumi yana keto mini, sai ki harɗe hannu ki runtse ido, shi ke nan shari'a ta ƙare. Wasu matan sukan toshe kunne amma magana tana ratsawa. Ke kuwa in kin rufe ido, duniya ce gaba ɗaya kika kulle a waje. Sau nawa na tsaya kamar wawa ina yi wa fatar idonki bayani, har in gaji in sa dariya, ki ji gado yana girgiza ki buɗe ido ɗaya ki harare ni? A lokacin wasa ne, masoyiyata. Wannan karon tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba, domin na san ba fushi kike ba, sallama kike yi.

Kin tuna yadda nake kiranki a gida? In kunna ƙwan lantarki in kashe sau uku, ki ɗago kai daga keken ɗinki ki neme ni. In an ɗauke wuta kuwa sai in koma buga ƙafa a ƙasa ko jifa da matashin kai, ki ce auren mai aski bai hana ki shan duka da filo ba. Kin tuna daminarmu ta farko, da magariba, ranar da aka ɗauke wuta, kyandir ya ƙare, ashana ta jiƙe? Duhu ya raba mu muna zaune kan tabarma ɗaya: ba kya ganin hannuna, ba kya ganin bakina. Na rasa yadda zan yi. Sai kika laluba kika ɗora tafinki a maƙogwarona, ni kuma don rashin abin faɗa na kama waƙa. Kika jira har na gama, sannan kika ja hannuna kika rubuta da yatsa a tafina, harafi bayan harafi, wai muryata da injin maƙwabci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ran nan na yi dariya har da hawaye, ran nan kuma na san cewa ko rana ta daina fitowa ba zan rasa hanyar zuwa gare ki ba.

Ina wannan alfaharin yanzu? Tun da aka sa dokar kulle shagona yake rufe, kujera ta yi ƙura, kilifa tana kwance cikin aljihun tebur. Taransifomar unguwa ta ƙone, masu gyara sun ce sai an sassauta doka. Firji yana tsaye baki buɗe, mun mai da shi ma'ajiyar kwanuka. Wayata kullum tana wurin mai kemis na bakin layi, shi kaɗai ke da sola, ka miƙa ta taga ka koma gefe ka jira. In ta samu ɗan caji sai in hau kan tankin ruwa ina ɗaga ta sama ina neman sabis. Maƙwabta ma suna kuka da sabis, amma su ko yana rawa sukan ji muryar nasu su kwanta da daɗi. Mu fa? Mu sai hoto ya tafi daidai, sai yatsa ya bi yatsa, in ba haka ba magana ta karye.

Kiranmu na ƙarshe yana nan a idona. Robar iska tana hancinki, kin ɗaga hannu da ƙyar, kin kai shi ƙirjinki, kin fara miƙo shi wajena. A nan hoton ya daskare. Na girgiza wayar, na juya gabas na juya yamma, na roƙe ta kamar mutum, sai ta yi baƙi. Daga ranar sabis ya ɗauke a duk yankinmu, bai dawo ba sai bayan kwanaki. Ki ji ni da kyau, abar ƙaunata: ba ni na kashe ba. Ban ga halin da kike ciki na kau da kai ba. Na san abin da zuciya ke raya wa marar lafiya idan ta kira ba a ɗauka ba, ta sake kira ba a ɗauka ba. Da sabis ya dawo na aika saƙo ya fi a ƙirga, ga su nan jere ba a buɗe ko ɗaya ba. Me kike shirin gaya mini da hannun nan? “Ina kewarka” ne, ko “ka kula da yarinya”? In na biyun ne, ban karɓa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kin fi kowa sani.

Innarki tana nan tare da mu, doka ta rutsa da ita ranar da ta zo duba ki. Ba ta kuka a gabana, sai dai ta wanke mayafinki ta shanya, gobe ta sake wanke shi. 'Yar Tsuntsuwa kuwa, 'yarmu, wadda ta iya maganar hannu tun kafin ta iya ta baki, ta daina tambayata da baki. Takan zauna gaban talabijin da ba wuta, tana kallon inuwarta a gilashi tana yi mata alamar “zo”. Rannan da rana na shigo ɗaki na same ta ta taka kujera, ta kai hannu ga makunni, tana kunnawa tana kashewa, sau uku, ta juya ta kalli keken ɗinkinki, ta sake. Na ce, “Uwata, ai babu wuta.” Ta ce, “Na sani, Baba. Ko za ta gani daga can.” Na fita tsakar gida na zauna a gindin tanki, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Amma yarinyar nan ta fi ni hankali, ita ta nuna mini hanya. Na je shago na ɗauko ƙaramin madubin da nake nuna wa mutane ƙeyarsu. Nas ta nuna mini tagarki, a bene, kusa da bututun ruwan sama. Tagar tana kallon yamma, shi ya sa rana ba ta leƙo ki da safe. To ni zan aiko miki da ita. Da hantsi, a ɗan lokacin da aka yarda a fita sayen abinci, rana takan hau saman ginin ta sauka tsallaken titi, daidai gaban wani rufaffen kanti. Nan nake tsayawa in tare ta da madubi in jefa miki. Wannan hasken ba ya jiran taransifoma, ba ya neman caji, ba mai ɗauke shi sai Wanda ya kunna shi.

Jiya na yi, yau ma na yi. Jiya wani dattijo ne ya leƙo ta tagar kusa ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Yau ɗan sanda ya zo ya ce, “Malam, lafiya kuwa? Aski kake yi wa gini?” Na faɗa masa. Ya kalli tagar, ya kalle ni, ya ce, “Yi sauri ka gama,” ya juya baya kamar bai gan ni ba. Na jefa hasken sau uku, na jira, na sake, har hannuna ya yi tsami. Na san ya shiga, na san ya yi rawa a bangon nan da kika juya wa. Ke ce kawai ba ki gani ba.

Don girman Allah, rabin raina, ba na ce ki tashi ba, ba na ce ki zo taga ba. Ki ci abin da aka kawo miki ko loma biyu ne, ki bar idonki a buɗe. Sauran maganar da kika fara, ki riƙe mini ita sai kin dawo gida ki ƙarasa ta a gabana, ko da zagi ce zan karɓa. Gobe da hantsi, in kin ga haske yana rawa a bango sau uku, ba wuta aka kawo ba, ni ne nake kiranki. In kuma gajimare ya tare rana ba ki ga komai ba, kada ki ce bai zo ba. Ina nan tsallaken titi, madubi a hannu, ina jiran ya wuce.

Naki jiya da yau, naki har ranar da za a rufe nawa idon,
wanda kike kira da yatsu biyu suna almakashi a gefen kunne.