Inda Tam Ya Bi

Lahadi, 1 ga Fabrairu, 1914
Zafi kamar me. Ruwan tanki ya koma ja, ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Na ga Tam Gilfillan a coci. Cikin mu shida da aka kwaso daga gidan kangararru na can Scotland aka raba wa manoman Australiya, shi kaɗai ne kusa da ni. Ya rame sai idanu. Mai gonarsu, Mista Dohnt, ya gano inda muka fito, yanzu a bakin rumfar dawaki ake miƙa masa abinci, matar gidan kuma ƙirga cokula take in ya gifta. A kan buhun gawayi ɗaya da ya ɗauka yana ɗan shekara sha ɗaya! Nawa maigidan, Mista Lehmann, bai sani ba tukuna. Ko ya sani ya yi shiru, oho.

Laraba, 4 ga Fabrairu
Tuge kututture tun asuba. Hannu duk ya farfashe, da ƙyar na riƙe fensir.

Lahadi, 8 ga Fabrairu
Tam ya gudu. Bayan coci ya ja ni bayan kekunan doki, ya ce layin dogo yana kudu, mil ashirin, yanzu zai kama hanya tunda mutanen gidansu barcin rana suke yi ran Lahadi. Na ce yaya zai gane kudu a dajin da kowace bishiya kamar 'yar'uwarta. Ya ce kai dai ba ka da kai, ka manta abin da tsohon sojan ruwan da ke sa mu fareti ya koya mana? In rana ta yi tsaka, kudu take. Fuskantarta zai yi, ya bar inuwarsa a baya.
"Archie, bakinka ƙanin ƙafarka," ya ce.
Muka tofa yawu a tafi muka yi hannu. Na ba shi burodina da kwalbar ruwa. Kwalba ɗaya.

Litinin, 9 ga Fabrairu
Mista Dohnt ya zo a fusace. Shi da Maigida suka tsare ni da tambaya, na ce ban san komai ba. A gidan kangararru duk wanda ya kai ƙarar ɗan'uwansa, bargo ake rufa masa a banɗaki a ci ubansa, kuma ba mai sake yi masa magana har ya fita. Shekara biyar ban taɓa tona kowa ba, ba a kan Tam zan fara ba. Sun hau dawaki sun yi kudu. Ina ta roƙon Allah kada su kama shi.

Talata, 10 ga Fabrairu
Ba wanda ya gan shi a tasha, sawu ma babu. Kaji biyu sun mutu da zafi. Uwargida ta ajiye min nama da dankali tana kallona, na kasa ci.

Laraba, 11 ga Fabrairu
Na faɗa.
Da tsakar rana, Maigida yana gyara ragamar doki. Na ce kudu Tam ya yi, kuma ba zai ɓata ba, don rana yake bi. Ya ajiye ragamar a hankali, ya ce in sake faɗi. Na sake. Sai ya kamo kafaɗata ya fito da ni tsakar gida.
"Dubi inuwarka, yaro. Ina ta nufa?"
Wajen hanyar tasha ta nufa.
"A ƙasar nan arewa rana take tsayawa. Can kuwa ba gida, ba ruwa. Tun yaushe ka sani?"
Na ce tun Lahadi. Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni. Wata biyar ina ƙasar nan, kaina a sunkuye kan kututture, ban taɓa ɗaga ido na duba ba.

Juma'a, 13 ga Fabrairu
Sun same shi, mil sha ɗaya arewa da shingen Dohnt, a gindin bishiya. Ya cire takalmansa ya jera su daidai a gefe, yadda aka koya mana a yi a bakin gado. Mai bin sawu ya ce har yammacin Talata yana tafiya. Talata. Ina zaune gaban nama da dankali.

Asabar, 14 ga Fabrairu
An binne. Ni aka ce in rubuta wa uwarsa, don ba wanda ya san inda take sai ni.

Lahadi, 15 ga Maris
An kawo wa Dohnt sabon yaro daga gidanmu na dā, Wullie Baird, fuska duk ta ƙone da rana. Bayan coci ya matso yana raɗa, wai an ce masa ni ɗan gida ne, na iya riƙe magana.
"Ban iya ba," na ce. "Duk abin da ka gaya min, kafin ka kai shinge Maigida ya ji."
Ya kira ni munafuki, ya tofa yawu kusa da takalmina. Shi ya sani. Na tsaya a bakin ƙofa har na ga ya hau keken dokin Dohnt, sannan na je na gaya wa Maigida a sa masa ido.