Sujadar da Ta Gagare Ka

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan rahamar Ubangiji ta lulluɓe ka a makwancinka. Na san wasiƙa ba ta isa kabari. Na rubuta ta a fili ne don mutanen Kibiya su karanta, saboda an yi magana a kanka, kuma sai yanzu na samu bakin amsawa.

Ka san halina, komai sai na bi shi daki-daki, ko da zan ƙare ban tabbata ba. Bari in faro daga tushe.

Ranar da kuka yi lodin gyaɗa a Rurum, ƙarfen bayan mota ya buge ka a kai. Ka dawo da ɗan ƙulu a saman kunne, na shafa maka man zafi kana tsokanata, wai motar ya kamata a duba. Kowa ya manta, har ni.

Bayan 'yan makonni ciwon kai ya fara, ya fi tsanani da safe. Kana shan koko sai ka amayar da shi, babu ko tashin zuciya. Na canza gero, na canza tukunya. Na ɗauka hannuna ne.

Sai sujada. Da ka sunkuya sai ka dafe kai, ka ce kamar ana hura maka iska a ciki. Ka koma sallah a zaune, kai da kake sahun gaba tun kana saurayi. Daga nan tsegumi ya tashi a tasha da bakin masallaci: ai ɗan kasuwar da goshinsa ya ƙi taɓa ƙasa, a binciki inda ya samo arzikinsa. Maganar ta kai har Tarai, kunnen Inna, mahaifiyarka. Ba ka taɓa tankawa ba. Abin da kake cewa kawai shi ne, "Wanda nake yi wa ya gani."

Da barci ya fara rinjayarka da rana tsaka, muka kai ka asibitin Rano, aka tura mu Kano. A gadon asibiti na ɗora tafina a ƙirjinka, na ji zuciyarka tana bugawa a hankali, ɗaya, sai can wata. Na yi hamdala, na ce sauƙi ya samu. Amma ma'aikaciyar da ta auna jininka ta fita da sauri. Numfashinka ya riƙa zuwa a jere, ya tsaya, ya sake dawowa. Ana shirin shiga da kai tiyata ka cika.

Likitar da ta karɓe mu ta zaunar da ni daga baya, da hoton kanka a hannunta. Ta ce ƙoƙon kai ba ya miƙewa kamar fata. Tun bugun nan jini yake taruwa a ciki kaɗan-kaɗan, yana matse ƙwaƙwalwa, kuma sunkuyawa tana ƙara matsin. Shi ne ciwon kan, shi ne aman. Da matsin ya kai maƙura, sai jiki ya ɗaga ƙarfin jini don ya kutsa ya kai wa ƙwaƙwalwa. Zuciya ta ji hawan ya yi yawa, ta rage gudu. Numfashi kuma ya rikice saboda an danne gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa shi. Abin da na kira sauƙi, ashe jikinka ne yake kokawar ƙarshe.

Na maimaita bayanin nan a raina har na gaji, ina tsoron kada in faɗa ba daidai ba. Ni sakandare kawai na yi. Amma da na fita takaba, na hau babur zuwa Tarai, domin tun rasuwarka Inna ba ta ambaci sunanka a gaban mutane ba.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa cikin ƙwarya a tsakar gida. Na faɗa mata komai, tun daga ƙarfen mota har zuwa likita, ina tuntuɓe da kalmomi. Ba ta ɗago ba. Can ta tambaya ko a zaune ma kana jin zafin idan ka ɗan rusuna. Na ce kana ji, ni na ga gumin. Ta ajiye ƙwaryar, sannan ta ce, "Kuma bai bar sallar ba."

Da yamma maƙwabta suka shigo gaisuwa, na ji ta da kunnena tana cewa, "Ɗana Sani, ku sa shi a addu'a."

Allah Ya gafarta maka, Malam. Ya yalwata kabarinka, Ya cire maka duk wani nauyi, Ya karɓi kowace raka'ar da ka yi cikin zafi. Ya yafe wa waɗanda suka faɗi abin da ba su sani ba. Amin.

Taka har gobe ƙiyama,
Hajara