Surutuna Ya Yi Rana

Yaya,

Ina gaisuwa da kyau. Ya jikin Inna, ya yara?

Kada ki gaya mata, injin gugar otal ɗinmu ya ɗan lashe min yatsu. Da sauƙi, sai dai sati uku ban iya taɓa kwamfuta ba, ga jarrabawar jami'ar da nake yi ta intanet ta matso. Har na fid da rai.

Sai ga shi sun sabunta manhajar, yanzu ana iya tura amsa da murya. Na shige ɗakin ajiye tawul na zuba tawa. Malamar ta rubuto: "Kin ci, amma ki riƙa numfasawa."

Kin ga bakin da kuke min tsiya a kansa ya fisshe ni. A ci gaba da addu'a.

Ƙanwarki